Mashin Marar Kuka

"Kin faɗi," in ji Malam Yuguda, jami'in gwajin tuƙi, ko ɗago kai bai yi ba. Ya lashe man awara daga babban yatsansa, ya ɗauki biro ya ja dogon layi a kan fom ɗinta.

Batul ko hular kwano ba ta gama cirewa ba. Yanzun nan ta zagaye filin kaf, ta ratsa tsakanin tsofaffin tayoyi goma sha biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta sha kwanar ƙarshe, ta matse birki daidai kan farin layi.

"Na faɗi? A ina, Yallaɓai?"

"Tun daga farko. Mashin ɗinki ya mutu. Minti biyar ina kasa kunne, ko tari bai yi ba."

"Ai ba ya kuka, Yallaɓai. Mai caji ne."

Sai a lokacin ya juyo da kujerarsa. Duk wanda ya taɓa zuwa filin nan ya san al'adar Malam Yuguda. Shekara ashirin da shida yana gwada masu babur, kuma bayansa yake juya wa filin. Ya zauna a inuwar bishiyar maina, ya ajiye ledar awararsa a kan fayil ɗin mutane, ya yi ta hukunci da kunne. Daga kukan inji yake gane wanda ya saki kulochi da garaje, da wanda ya makara wajen sauya giya, da wanda hannunsa ke rawa a kan totur. Yakan ce ido na ƙarya, kunne ba ya yi. Masu gulma kuma suka ce idon ne ya yi rauni, ya ƙi sa tabarau.

Batul ta dubi agogon wayarta. Sha biyu saura kwata, kuma Juma'a ce. Ita ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Madaki. An ɗauke ta a wani sabon shiri na bin masu jego gida-gida, aikin da ta yi shekara uku tana nema, da sharaɗi guda: ta tura shaidar cin gwajin tuƙin babur kafin ƙarfe ɗaya na yau. Adda Nana Hauwa, shugabar shirin, ta faɗa mata ɓaro-ɓaro cewa da ɗaya ta buga za a rufe sunaye, akwai mutum huɗu da ke jiran gurbin.

Malam Yuguda ya miƙe yana gyara wando, ya zagaya ɗan farin mashin ɗin kamar mai taya akuya a kasuwa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya shinshina.

"Ina salansa, mai fitar da hayaƙi?"

"Ba shi da ita."

"Tankin mai fa?"

"Batir ne a ƙarƙashin kujera. A gida nake jona shi da wuta."

"Kamar waya?"

"Kamar waya."

Ya yi dariya har jan goro ya fito a gefen bakinsa, ya tsartar da yawu, saura kaɗan ya sauka a kan takalminta. Batul ta janye ƙafa.

"Hajiya, to ai wannan ba babur ba ne. Fanka ce aka yi wa taya. Titus! Zo ka ga fanka ta zo neman lasisi."

Titus, magatakardan ofishin, dogon mutum mai furfura a gemu, ya fito daga rumfar kwano da littafi a hammata. Ya gaishe ta da ido.

"Yallaɓai," in ji Batul tana danne murya, "makon jiya ma'aikatanku suka tare ni a hanyar Federal Low-Cost. Awa biyu ina tsaye a rana. Suka ce babur ne, dole in yi lasisi, in suka sake kama ni za su ɗauke shi. Shi ne na zo. A kan titi babur ne, a nan kuma fanka?"

"Na titi aikinsu daban, nawa daban." Ya ɗaga fom ɗin, wanda yanzu yake ɗauke da shatin yatsu uku na mai. "Duba nan. Lambar inji. Me zan rubuta? Girman inji. Me zan rubuta? Takarda ba ta san caji ba."

"Akwai lamba a jikin na'urar da ke juya tayar, ga ta nan a rubuce."

"Wannan lambar fanka ce."

"Oga," Titus ya sa baki a hankali, "ni dai na ga tuƙin Sista. Wallahi ko taya ɗaya ba ta goga ba."

"Kai ka gani, ni ban ji ba. Kai ne mai sa hannu ko ni?" Ya koma kujerarsa ya zauna daɓas, ya nuna bayan rumfa da biro. "In tana so, ga na ofis can. Ta hau ta zagaya in ji."

Batul ta leƙa. Wani tsohon babur ne jingine da bango, kujerarsa a yage, soso ya fito ya sha ruwan sama har ya yi kore. Kaji sun mayar da tankin wurin kwana, kashinsu ya bushe a kai. Tayar gaba a kwance. Ita da ba ta taɓa riƙe kulochi ba a rayuwarta, kuma ba shi za ta hau zuwa gidajen masu jego ba.

"Yaushe rabon da ya tashi?" ta tambayi Titus.

"Tun kafin azumin bara," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta tsaya tana kallon filin. Tayoyin da ta ratsa duk sun tara ruwan damina, tsutsotsin sauro na wutsil-wutsil a ciki. Kwata ta fashe ta gefen katanga tana malala har gindin mainar da mutumin ke cin abinci. Jiya war haka tana ɗakin haihuwa, ta karɓi jariri da ya zo ta ƙafa, uwa da ɗa suka tsira. Yau ga ta a gaban wanda ke goge hannu da takardar mutane, yana faɗa mata ba ta iya abin da bai ko kalla ba.

Sha biyu da minti biyar. Malam Yuguda ya fara naɗe hannun riga.

"Sha biyu da rabi nake alwala in wuce masallaci," ya ce da iska. "Wanda bai samu ba, sai Litinin."

Titus ya matso kamar zai duba lambar mashin ɗin. "Sista, kada ki yi musu da shi, ba ya sauka. Shi dai ya ji ƙara. Ko mene ne, ya ji ƙara."

Idon Batul ya sauka a kan wata gorar ruwa da aka yar a bakin kwatar. Nan take ta tuna da kekenta na makarantar firamare a Hammadu Kafi, yadda ita da ƙawayenta suke murƙushe gora su cusa tsakanin taya da ƙarfe, keke ya riƙa ruri kamar babur, su bi lungu suna ihu har tsofaffi su kore su. Ta yi tsaki. Shekararta talatin da huɗu, da takardar shaidar aikin ungozoma a jaka.

Ta zaro safar hannu ta asibiti daga jakar, ta sa, ta ɗauko gorar da yatsu biyu tana kawar da fuska saboda ɗoyi. Ta taka ta da takalmi har ta baje, ta durƙusa a taɓo, ta cusa ta tsakanin tayar baya da murfinta. Titus ya juya baya yana tari don kada dariya ta kufce masa.

"Sassauta sau uku kafin ki kai tayoyin," ya raɗa mata. "Giya yake ƙirgawa."

"Yallaɓai," Batul ta ɗaga murya, "an gyara. Zan sake."

"An gyara fanka?" Ya riga ya juya wa filin baya, ya buɗe sabuwar leda. "To, bismilla. In ji."

Ta murɗa totur. Gorar ta kama taya.

Farrrrr!

Kajin bayan rumfa suka watse. Ƙarar ta cika filin, mai kaushi, kamar ana yaga buhu. Batul ta sassauta, ƙarar ta faɗi, ta sake murɗawa ta tashi. Ɗaya. Ta sassauta, ta murɗa. Biyu. Uku. Ta shiga tsakanin tayoyin, hagu, dama, hagu, ruwan kwatar da ya rage a gorar yana fantsamar mata a gefen zani. A taya ta tara gorar ta zame, mashin ɗin ya yi wata 'yar girgiza, gefensa ya bugi tayar har ta mirgina ta zubar da ruwanta. A zagayen farko babu abin da ta taɓa. Ta cije leɓe ta ƙarasa, ta tsaya taku guda bayan farin layi.

Malam Yuguda yana gyaɗa kai, idanunsa a lumshe.

"Yauwa! To ko ke fa? Kin ji yadda ta shiga giya ta uku, Titus? Sumul. Sai dai injin yana son mai, Hajiya, kukansa ya bushe. Ki kai wa bakanike."

Titus ya dubi tayar da ta mirgina, ya dubi Batul, ya sa ƙafa ya mayar da ita wurinta.

An ɗauko sabon fom. A gurbin lambar inji Malam Yuguda ya kwafe lambar nan da ya kira ta fanka, harafi bayan harafi, hancinsa kusan yana taɓa takardar. A gurbin girman inji ya ɗan yi tunani, ya ce daga jin kukan zai kai ɗari da goma, ya rubuta. Ya hura wa hatimi iska daga bakinsa, ya buga, ya miƙa mata da sabon shatin mai a kusurwa.

Ba ta ce na gode ba. Ta riƙe takardar ta gefe, ta ɗauki hotonta, ta tura wa Adda Nana Hauwa. Sha biyu da ashirin da takwas. Kafin ta cire safar hannun amsa ta shigo: "An karɓa. Litinin ƙarfe takwas, ki zo da mashin ɗinki."

Ta samu aikin. Ta jira ta ji daɗi, sai warin zaninta kawai take ji. Ta durƙusa ta fizge gorar, ta nemi kwandon shara a duk faɗin filin ba ta gani ba, dole ta ƙulle ta a cikin safar ta jefa a kwandon gaban mashin.

Tana ɗaura hular kwano wata farar a-kori-kura ta kunno kai ta ƙofar filin, ta tsaya a gicciye ta tare hanyar fita. A bayanta mashina uku ne masu caji, an ɗaure su da sarƙa ɗaya. Wani gajeren mutum da babu wanda ya san shi ya sauko, da takarda mai hatimi biyu a hannu. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya wuce Malam Yuguda da butarsa, ya wuce Titus, ya zo ya dafa kan ɗan farin mashin ɗin.

"Daga hedikwata nake," ya ce. "An ce a tattara duk masu cajin nan har sai kwamiti ya zauna ya yanke ko babura ne. Na waye wannan?"