Goshin Mai Gadi

Tun jiya da hantsi ɗan cikin bai motsa ba. Mai ɗinki ta sha ruwan sanyi, ta kwanta ta gefen hagu, har keken ɗinki ta taka da ƙarfi, don da ma ƙarar keken ce ke sa shi shure-shure kamar mai jin haushin sana'ar uwarsa. Shiru kake ji. Cikin ya shiga wata tara, kuma rabonta da awo tun ranar da annoba ta sa aka rufe gari, aka ce masu juna biyu su zauna a gida sai in abu ya yi tsanani. To wa zai gaya mata ya yi tsanani, tunda an raba ta da masu sani?

Mijinta direban babbar mota ne, dokar hana fita ta rutsa da shi a wani gari. Ta waya ya ce ta bari zuwa gobe. Ta ce masa to, ta ajiye wayar, ta ɗaura takunkumi ta fita. Ba tasi, ba babur. Sama da awa guda tana takawa cikin rana, ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a fata. Tsoro take ji sosai, shi ya sa ko hutawa ba ta tsaya yi ba.

A ƙofar asibiti mai gadi, wani dattijo, ya saita mata na'urar auna zafi a goshi. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Ya ja da baya taku uku.

"Baiwar Allah, jikinki da zafi. Sai dai ki nufi tantin killacewa, a gwada ki, ki jira sakamako."

"Kwana nawa?"

"Biyu ko uku."

"Baba, abin da ke cikina tun jiya bai motsa ba. Ba shi da kwana uku."

"Ni dai umarni aka ba ni, 'yata."

Satin nan aka damƙa wa dattijon na'urar, ya riƙe ta kamar wahayi, ba wanda ya gaya masa cewa wanda ya sha rana sai ya huce a inuwa kafin a auna shi. Ita kuwa ta dubi gumin da ke tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa.

"Baba, tun yaushe kake tsaye a ranar nan?"

"Tun safe."

"To juya ta ka auna naka goshin. In ta nuna kore, wallahi da ƙafata zan tafi tantin."

Mutanen da ke layi suka ce ai ta faɗi gaskiya, a gwada. Ya ga ba mafita, ya juya na'urar ya danna. Ta yi ƙara, ta nuna ja.

"Madalla," in ji mai ɗinki. "Mu je tare, Baba. Ka riƙe min jaka."

Dariyar da aka kwashe da ita ce ta fito da wata nas, idanunta duk gajiya a saman takunkumi. Mai ɗinki ba ta jira a tambaye ta ba, ta ɗaga murya: "Sista, tun jiya da hantsi bai motsa ba!" Nas ɗin ta tura ƙofar da kanta.

A ɗakin awo aka ɗora mata abin sauraro a ciki. Nas ta matsa nan, ta matsa can, mai ɗinki ta ƙura wa silin ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Can sai ga wani ɗan bugu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida.

"Yana nan," in ji nas, "amma ya gaji. Yanzu za a yi miki aiki a ciro shi." Ta jawo takarda tana waige-waige. "Ina maigidan? Wa zai sa hannu?"

Mai ɗinki ta share hawaye da bayan hannu, ta yunƙura ta tashi zaune.

"Ni na kawo shi nan, Sista. Ba ni biron."