Takardun Uzurin Auta

Akawu yana da ɗan aibi guda, shi ma ba ya musu: in ya rubuta wasiƙa ta yi kyau, sai ya karanta ta a bayyane sau uku, ko da bango ne kaɗai ke sauraro. A ofis manyansa suna sa hannu a rubutunsa ba su duba ba. Ya saba.

Wasiƙun da ya fi ji da su kuwa na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe, mai shekara goma sha ɗaya. Asma ta kama ta tun tana rarrafe. Ya taɓa kai ta asibiti a guje, ƙirjinta na kuka, leɓenta ya sauya launi, shi kuma takalmi ƙafa ɗaya. Tun ranar ya yanke cewa yarinyar nan ba za ta yi gudu ba. Kowane zango sai ya buga takarda zuwa ga malamin wasanni, a bar ta a inuwa tana gadin jakunkunan 'yan ajinsu. Ya liƙe ambulan, ya ba uwarta ta saka mata a jaka.

"Saurari wannan jimlar," yakan ce.

"Na ji ta bara," in ji matar, ba ta ɗago daga keken ɗinki ba.

Bana aka tura su wajen wata likitar motsa jiki. Ta maƙala wa Auta na'ura a yatsa, ta sa ta kai da kawo a baranda minti shida, sannan ta ɗora ta kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Akawu na biye da maganin shaƙa a hannu, murfi a buɗe.

"Baban Auta, zauna mana. Kai kake haki, ba ita ba."

Ta ce motsa jiki ba ya korar asma, amma yana ƙara wa yaro juriya. Ta shaƙi magani kafin ta fara, ta fara a hankali, in tari ya taso ta tsaya. Ta sake duba na'urar. "Wannan ai ba jikin mai zama ba ne."

Akawu ya ɗauka kulawarsa ake yabo, ya yi godiya.

Kwana biyu ya yi yana fama da takarda ta goma, wadda za ta janye taran baya ba tare da ta ce wani ya yi kuskure ba. Wannan karon da kansa ya kai ta, ranar Laraba. Ya tarar da malamin a bakin fili da usur a wuya. Malamin ya karanta, ya juya bayan takardar.

"Yallaɓai, waɗanne takardu tara?"

Akawu ya yi bayani.

"Ni dai mamanta na sani. Tun suna aji uku ta zo da maganin shaƙa, ga shi nan a aljihuna. Ta ce in yarinya ta fara tari in zaunar da ita. Bai fi sau biyar na zaunar da ita ba. Ka ɗan matsa, za su tashi."

Aka busa usur. Auta ta wuce ta gabansa, ɗankwali a hannu, ta zo ta huɗu. Ta dafa gwiwa tana haki. Ya matso ya kasa kunne yana jiran kukan nan da ya sani. Haki ne kawai, irin na kowane yaro.

"Baba, a kan layin gudu fa kake tsaye," in ji ta.

A gida ya samu matar tana ɗinki.

"Shekara uku," ya ce.

"Kai ba ka iya ganinta tana haki, ita ba ta iya zaman gadin jaka. Ni ce a tsakiya. Sai da na tambaya a asibiti kafin in je makarantar."

"Da ta faɗi fa?"

Ta tsayar da keken. "Kowace Laraba ba na iya zura zare a allura sai na ji sallamarta."

Ya zauna a bakin gado. Da ya ga babu sauran abin kamawa, sai ya ce ko ba komai dai ta yarda wasiƙar zangon bara ta tsaru.

Ta jawo aljihun keken. Ambulan tara ne a ƙarƙashin almakashi, ko ɗaya ba a buɗe ba.