Gobarar da Noreen ta Karanta

A'a Winnie, tsaya. Ke da kike zaune a tirelar da kika mai da gida a bakin titi kina kiwon karnuka, ba ke za ki koya min mutuncin Miley ba. Mijina ne, ni na sha warin ƙafarsa. Ki bari in gaya miki yadda aka yi, sai ki ci gaba da zagin.

Malamar su jikata Noreen ce ta ce kowane yaro ya je ya tambayi tsoho a gidansu wani abu na da, ya mai da shi waƙa, a karanta gaban iyaye. 'Yan shekara takwas fa. Ta zo da fensir ta zauna min a ƙafa. Ni da ban san baƙi ba, me zan ba ta in ba abin da na gani ba? Na ba ta labarin ranar da muka dawo daga binne kakanta Miley, muka ja keken dokinmu, wanda shi ne gidanmu, cikin fili, da gadon da bargon da kofinsa, na ƙyasta ashana kamar yadda uwarmu ta yi wa babanmu. Ta rubuta, ta karanta min. Har dokin ta sa, wai ya tsaya yana kallo. Wallahi ya yi daɗi.

Kin san 'yata Philomena, uwar Noreen. Tunda ta auri ɗan gari ta ɗauki sunansa, ko 'yan kunnena ba ta so in sa in zan je gidanta. Unguwar nan ba wanda ya san mu mutanen hanya ne, masu yawo gari-gari. Ita ma tana da dalilinta. Ke kin manta bencin da ake ajiye ta a bayan aji, ita ba ta manta ba.

Sai ga kira daga makaranta. Muka je ni da ita. Malama Devane yarinya ce mai kirki, irin masu magana a hankali kamar an yi rasuwa. Ta ba mu shayi da biskit, ta ce waƙar ta taɓa ta, amma tana so ta san ko abin na damun yarinyar, don ta rubuta wai mu muka ƙona gidan da kanmu. Philomena ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce risho ne ya fashe, gobara ce, yara da ruɗu.

Malama ta juyo ta dube ni. Noreen na kan 'yar kujerarta, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa ba.

Ta ce, "Kaka, ai kin ce ke kika sa ashanar."

Na ce, "Ba ki ji da kyau ba, 'yar nan."

Eh, na faɗa. Da biskit ɗin mutane a hannuna. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ɗauki roba ta goge layin, tana hure takardar.

Ranar karatun kowa ya tashi da nasa, wannan gonar kakansa, wancan jirgin kamun kifi. Ta Noreen ta zo, ta karanta gobararta kai a sunkuye. Mata har da share hawaye. Wata ta riƙe min hannu tana ce min sannu da asara, na ce mata na gode. Uwar ƙawarta kuma nan take ta ce Noreen ta zo ta kwana a gidansu ranar Asabar. Ke kin san da ainihin waƙar aka ji, da ba za a ce ba.

Yanzu in na je gidan, gaisuwa kawai Noreen take min ta wuce ɗaki. Wannan ne ke hana ni cin abinci, ba bakinki ba.

Me? Na ci amanar mamaci? Winnie, don me muke ƙona musu kaya tun farko? Don su tafi su ƙyale masu rai. To Miley ya ƙyale yarinyar nan ta je makaranta.