Miƙe Ƙafa

"Miƙo min ruwan nan," in ji Tela, alhali kofin yana daf da hannunsa. Matarsa ta tsame hannu daga wanki ta zo ta ba shi.

Tun da aka yi masa aikin ƙashin ƙugu ya zama ɗan gata. Ranar sallama likita ta ce masa, "Baba, ka riƙa miƙe ƙafa." Shi kuwa da ya tsufa yana taka keken ɗinki, bai taɓa jin magani mai daɗin wannan ba. Ya miƙe ƙafa iya miƙewa: filo a ƙasa, rediyo a kunne, ko ƙuda sai an kore masa.

"Malam, ƙafar nan fa ta kumbura," in ji matar.

"Hutu ne ya karɓe ta."

Ta taɓa ƙwaurin, ta ji zafi rau. "Wane irin hutu? Tashi mu koma asibiti."

Likita ta ɗora masa na'ura a ƙafa, ta daɗe tana kallon hoton, fara'arta ta ɗauke. "Jini ya daskare a jijiya. In gudan ya ɓalle ya haura huhu, ana iya rasa rai."

Tela ya ji tsoro na gaske.

"Ba na ce ka riƙa miƙe ƙafa ba?"

"Wallahi, likita, ko sau ɗaya ban lanƙwasa ta ba."

Ta dafe kai. "Tattaki nake nufi, Baba! Zaman nan ne ya jawo maka."

Ta sa aka yi masa allurar tsinka jini. "In kana zaune kuma, ka riƙa motsa tafin ƙafa, sama, ƙasa."

"Kamar mai taka keken ɗinki?" in ji matar.

"Yawwa, Mama! Haka ɗin."

Tela ya harari matarsa, ita ko a jikinta.

Da aka sallamo shi, ya tarar da keken a bakin gado, an goge, an zuba mai. A kansa ga yadin matar, wanda ya karɓa zai ɗinka mata tun autansu yana goye.

"Likita fa ta ce a hankali," ya faɗa a marairaice.

Ta gyara masa kujera. "A hankalin dai. Ni da na jira har auta ya yi gemu, wane sauri nake?"

Ya dubi ƙafarsa, ya dubi yadin, ya ɗora ƙafar a kan matakin keken.