Aron Hannu

"Kar ki danna! Goggo, ɗauke yatsanki daga wajen!"

Ciyaman ya fizge na'urar awon jinin daga cinyar tsohuwar kafin ta taɓa maɓallin aikawa. Fuskar na'urar ta yi ja wur, kamar yadda ta yi jiya da shekaranjiya. Ya ɓalle robar daga damtsenta, ya juya ga matan da suka cika baranda.

"Wannan jini naki, Goggo, ya fi ki son hawa. Kina ƙarshen bene, shi kuma sai ya leƙa saman rufi."

Aka kwashe da dariya. Goggo mai guga ma ta yi yaƙe, tana murza ƙeyarta.

"Ina matar direba?"

Matar direba tana laɓe bayan ƙofarta. Ta fito kanta a sunkuye, ta zauna inda Goggo ta tashi, ta miƙa hannu. Robar ta kumbura, ta matse, ta saki. Kore shar. Ciyaman ya danna maɓalli, sakamakon ya tafi ofis da sunan Goggo.

Mutanen gidan nan, daga ƙasa har sama, baƙi ne a ƙasar. Wasu masu bincike ne suka zo musu da wani shiri. Sun ce an gano in mai hawan jini yana awo kullum a gida, nas tana ganin sakamakon daga ofis, ana tare ciwon tun bai kayar da mutum ba. Suka raba na'urori ga masu ciwon. In ja ya je, Malama nas za ta zo da kanta. Sun kuma ce in shirin ya yi kyau, za a buɗe ɗakin shan magani a ƙasan benen.

Ciyaman, shugaban ƙungiyar 'yan gidan, shi ya fi kowa jin yaren ƙasar, kuma abin da ya fahimta shi ne jarrabawa ce. "Mun ci ta takardun zama, mun ci ta neman aiki," in ji shi. "Wannan ma sai mun ci. Kore ci ne, ja faɗuwa. Ba wanda zai kayar mana da gida." Ya tattara na'urorin a kwali ya kai ɗakinsa. Duk safiya shi ke hawa da su, wanda ya yi ja a ara masa hannu.

Sauran sukan yi ja yau, gobe su yi kore. Goggo kam ba ta taɓa ci ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na matar direba. Ta cikinsa matar direba take jin ƙarar dutsen guga a kan tebur tun safe, da tsakin Goggo in kwalar riga ta ƙi kwanciya. Lokacin da ta iso ƙasar ba ta san kowa ba, Goggo ce ta nuna mata motar da ake hawa zuwa kasuwa, ita ta riƙe mata hannu ranar da ta yi ɓari. Yanzu dutsen yakan yi shiru, a daɗe, sannan ya ci gaba.

Ranar da Malama ta zo ziyara, aka share baranda, aka jera kujeru. Malama ta riƙe hannun Goggo tana fara'a, ta yi tambaya.

"Ta ce yaya jikin," in ji Ciyaman.

"Ka gaya mata kaina kamar ana sara da gatari. Idon nan na hagu wani lokaci sai ya rufe, duhu kawai."

Ciyaman ya juya ya zuba yaren mutanen, dogo, yana dafa ƙirji. Matar direba ba ta iya yaren ba sosai, amma ta san kalmar godiya, ta ji ta fita har sau nawa. Ba ta ji kalmar kai ba, ba ta ji ta ido ba.

Malama ta duba wayarta, ta yi bayani. Ciyaman ya washe baki.

"Goggo, kin zo ta ɗaya! Ta ce jininki ya sauka kamar na budurwa, har ya so ya yi ƙasa da yawa. Likita ya ce a janye miki ƙwayar safe, kar jiri ya kayar da ke."

Aka yi tafi. Wata ta rangaɗa guɗa. Auta, ɗan Goggo, wanda Ciyaman ya yi wa alkawarin gadin ɗakin shan maganin, shi ya shiga ya ɗauko kwalin ƙwayar ya miƙa wa Malama da hannu biyu.

Matar direba ta buɗe baki za ta yi magana. Ta ɗaga kai, idonta ya haɗu da na Ciyaman, ta mayar da shi ƙasa.

Da yamma ta gaya wa mijinta, yana kwance ya miƙe ƙafa a kan kujera.

"Jinina ne suke gani, ba nata ba. Sun karɓe mata magani."

"Ke likita ce?"

"A'a, amma..."

"Ɗanta ya miƙa da hannunsa. Kin fi shi sonta ne? Ciyaman ne ya tsaya mana muka sami ɗakin nan. Ki ja bakinki ki rufe, ki kawo min ruwa."

Ta kwana tana juya abin. Ba za ta iya tsayawa gaban maza ta yi magana ba, ta san kanta. Amma hannun nata ne.

Washegari, kafin Ciyaman ya hau, ta dama gishiri a kofi don jininta ya hau, ta shanye tana yamutsa fuska. Ta sauka har ƙasan bene ta hau da gudu, ta sake sauka, ta sake hawa, har ƙirjinta ya fara zafi. Da aka kira ta, ta miƙa hannu tana ɓoye haki. Robar ta matse, ta saki. Ba kore ba ne, ba kuma ja ba. Rawaya.

Ciyaman ya dubi na'urar, ya dubi zufar da ke goshinta.

"Ikon Allah. Matar direba, tsere kike koyo? Ko direban ne ya biyo ki da taya?"

Matan suka fashe. Ɗaya ta ce, "Shiru-shirun nan, ashe da abinta a ciki."

"Zauna ki huta," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Ba sauri muke ba. In kuma kin gaji da zaman gidan nan ne, ki faɗa."

Ya ja kujera ya zauna gabanta yana kaɗa ƙafa, har numfashinta ya dawo daidai. Ya sake ɗaura mata. Kore.

Da aka watse, Goggo ta kama mata gefen mayafi. "Bar wahalar da kanki, 'yar nan. Na ji sawunki a bene." Ta yi ɗan murmushi da gefen baki ɗaya. "Auta ya daɗe ba aiki. Bari ya samu."

Ana gobe za a rufe shirin, da hantsi, dutsen guga ya yi shiru bai ci gaba ba. Ƙauri ne ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Matar direba ta tura ɗakin, ta tarar da hayaƙi yana tashi daga wata farar riga, Goggo kuma a ƙasa tsakanin tebur da gado, bakinta ya karkace, ido ɗaya a buɗe yana bin ta. Ta zare wayar dutsen, ta tallafo kan Goggo, ta yi ihun da ba wanda ya taɓa jin irinsa daga bakinta.

Motar asibiti ta ɗauke Goggo. Ba ta ƙara magana ba. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Aka binne ta washegari. Baranda ta cika da masu gaisuwa, ana ta faɗin kirkinta. "Ajali ne," in ji matar da ta yi guɗa. "Mace lafiyarta ƙalau, likita da kansa ya shaida." Mai farar rigar ma ya zo, ya yi ta'aziyya, sannan ya tambaya a hankali ko wa zai gani kan maganar kayansa.

Matar direba tana ɗakinta aka ƙwanƙwasa. Ciyaman ne da kwalinsa, Auta a bayansa, ido jawur.

"Ofishin masu binciken daban, asibiti daban," in ji Ciyaman. "Ba su ji ba tukuna. Yau ake rufe shirin. Gobe in an gama taron rufewa zan sanar da su da kaina."

Ta dube shi. Karon farko ke nan da ta dubi tsakiyar idonsa.

"Ranka ya daɗe, tana ƙasa fa."

"To sai mu bi ta? Gida guda ya faɗi saboda mutum ɗaya?"

Auta ya durƙusa a bakin ƙofa. "Anti, don Allah. Na yau ne kawai. Kar ya zama ta tafi a banza."

Mijinta yana zaune bakin gado. Ya yi gyaran murya, bai ɗago ba.

Ta naɗe hannun rigarta.

Da suka fita ta koma jikin bangon ta zauna a ƙasa. Ta can ɓangaren an fara jan teburin guga, wani yana cewa a karkata shi ya wuce ƙofa. Robar ta bar mata shati a damtse, layi-layi. Ta zuba masa ido, tana kallo yana dusashewa a hankali, har fatar ta koma yadda take.