Sojan da ke Gindin Kanya

Ranar da suka ƙetare kogi ana luguden wuta a bayansu, Laftanar Barau ya bar mutum ɗaya. Al'adarsa ce ya tsaya a bakin ruwa, ya dafa kafaɗar kowane soja yana ƙirgawa, sannan ya shiga a ƙarshe. Sojojinsa talatin ne, talatin kuwa ya ƙirga. Sai da suka hau tudu ya gane har da kansa ya haɗa. Kofur Maikano, wanda Barau ya girke a gindin kanya da babbar bindiga don ya tsare musu baya, ba wanda ya kira shi. Aka ba Barau lambar yabo. Manya ba su cika son a gyara musu labari mai daɗi ba.

Bayan shekara arba'in, zazzaɓi ya kayar da shi a kujera da azahar. Daɓen ɗakin ya narke, ya koma kogi. Takalman sojoji suna tafiya a kan ruwa sahu-sahu, babu ƙafafu a ciki.

Ga matarsa Kuluwa, shekara bakwai da rasuwa, tana tuƙa ƙyauren ɗakinsu kamar kwalekwale.

"Malam, har yanzu ba ka iya gaisuwa ba?" in ji ta. "Hau."

Ya hau. A tsakiyar kogi ƙyauren ya fara nitsewa. Lambar da ke ƙirjinsa ta buɗe baki.

"Koma," in ji lambar. "Ashirin da tara sun haifi 'ya'ya saboda kai."

"Ɗayanku kaɗai zan iya ɗauka," in ji Kuluwa, ba ta ko waiwayo ba.

Ya fizge lambar, ta fita da tsokar nama. Ya jefa ta ruwa, suka wuce.

A ƙetare, kanyar ta girma ta haɗiye bakin bindigar. Tururuwa na jan kwanson harsashi zuwa raminsu. Maikano na nan kwance rub da ciki, da ƙuruciyarsa, yatsansa a kan kunamar bindiga. Ciyawa ta tsiro ta cikin rigarsa.

"Oga, kai ne? Kai, ka tsufa! Sun haye?"

"Sun haye."

"Duka?"

Barau ya dubi ƙasa.

"Alhamdu lillahi," in ji Maikano. "Hannuna ya sage, Oga, ƙishirwa kuma ta dame ni. Amma ka ce kada in motsa sai na ji daga bakinka."

Barau ya ƙame, ya cika ƙirji da iska kamar a filin fareti. Ya buɗe baki, sai rairayi ya yi ta zubowa daga ciki.

Firgigit ya farka. Rana na nan a kan bango, ɗakin shiru. Leɓɓansa na motsi, ba murya:

"Taso, Kofur. Mu tafi gida."