Lasisin Kawu Direba

Duk unguwar Kawu Direba suke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi yake jan doguwar motar makarantar firamare, tun tana sabuwa har ta tsufa a hannunsa. Likitar asibitin unguwar ma a cikin motar nan ta yi ƙuruciya. Abokin mahaifinta ne, kuma ko da ta sa farar riga bai daina kiranta 'yar kujerar baya ba, don can take maƙalewa ta ƙarasa aikin gidan da ba ta yi ba. Yanzu 'yarta ce take shiga motar kowace safiya.

Wata ranar aiki ya shigo ofishinta da hula a hannu, ya jira nas ta fita, sannan ya tashi da kansa ya tura ƙofa. Ya ce kwanan nan duniya tana ɗauke masa kamar wutar lantarki. Yana zaune sai ya farga an yi nisa da hira bai san inda aka kwana ba. Sau ɗaya ya tsinci kansa a ƙasan banɗaki ya ciji harshe. Abin da ya kawo shi kuwa, a bakin danja ya dawo hayyacinsa, motoci suna ta hon a bayansa, yaran suna dariya wai Kawu ya yi barci.

Ta tura shi babban asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Farfaɗiya ce, daga tabon wani tsohon rauni da shi kansa ya manta da shi. Ta gaya masa akwai magani, kuma masu irin ciwon da yawa suna rayuwarsu lafiya, sai dai dole ya ajiye tuƙi har a tabbata maganin ya karɓe shi, abin da kan ɗauki lokaci mai tsawo.

Bai yi mata gardama a kan maganin ba. Sunan ciwon ne ya tsaya masa a wuya. Ya ce yana yaro ya ga yadda aka watse aka bar wani mai irinsa yana shure-shure a bakin titi, kowa yana tsoron yawunsa. Idan maganar ta fita, surukansa ba za su ƙara kawo masa jikoki ba.

"Ke kaɗai na gaya wa. Ko matata ba ta sani ba. Kada kowa ya ji, ko ina raye ko bayan raina."

Ta ce sirrinsa yana hannunta, doka ma ta ɗaure ta a kan haka. Amma ta faɗa masa ɗaya gefen: idan ya ci gaba da ɗaukar yara, dokar nan ɗin ce za ta sa ta sanar da ofishin lasisi. Ta roƙe shi ya je da ƙafarsa. Ya ce to, zai je.

Bai je ba. Kowace safiya motar tana tsayawa a kan kwanar layinsu, shi yana kan sitiyari, yana kawar da ido idan ya hango ta. Ita kuwa sai ta fara kai 'yarta makaranta da kanta, ta ce wa mijinta hanyarsu ɗaya ce. Ranar da abin ya kai mata wuya, maƙwabciyarta ta hango tana ɗaga tagwayenta tana sa su a motar, tana gyara musu jaka, tana yi wa Kawu Direba sannu da aiki. Likita ta zauna a cikin motarta ta kasa tayarwa. Ta cire tata 'yar da abin da ta sani, ta bar na mutane.

Ta je wurin lauyan asibiti ba tare da ta kama suna ba. Ya ce hanyar siririya ce. Za ta gaya wa likitan ofishin lasisi, shi kaɗai, kuma iya abin da ya shafi tuƙi. Ba makaranta, ba iyayen yara, ba iyalinsa. Kuma sai ta fara gaya wa mai ciwon cewa za ta yi.

Ta sami Kawu Direba da yamma a bayan makaranta yana goge gilashin motar da tsumma. Ta gaishe shi har ƙasa kamar yadda ta saba, sannan ta faɗa masa za ta sanar da ofishin lasisi. Ya daɗe yana goge wuri ɗaya.

"Da ƙafata na zo wurinki," ya ce. "Ba wanda ya kama ni."

"Na sani, Kawu."

"Da na yi shiru da yanzu ba ki san komai ba."

"Haka ne. Amma na sani."

Ya ninke tsumman ya ce ta je ta yi aikinta.

Aka karɓe lasisin. Ofishin bai gaya wa makaranta dalili ba, ya ce kawai an dakatar da shi, makaranta ta sallame shi da godiya da agogon bango. Da mutane suka rasa dalili sai suka ƙera nasu. Wani ya ce ya taɓa ganinsa yana tangaɗi a tashar mota, ido a juye. Wata ta tuna labarin barcin bakin danja da ɗanta ya ba ta. Kafin a jima magana ta zauna: Kawu Direba giya yake sha a ɓoye, an kama shi. Iyayen da suke ba shi amanar 'ya'yansu suka riƙa cewa Allah ne ya tsare. A gaban Likita ake faɗa, a shago, a ɗakin jira, har a bakin mijinta, ita kuwa sai dai ta ce a daina zato.

Kawu Direba ya daina zuwa karɓar magani. Ta bi shi wurin wankin motoci da ya samu aiki a bayan gidan mai, ta tarar da shi ya naɗe ƙafar wando yana dirje taya. Ya rame. Ta roƙe shi ya ba ta izini ta faɗi gaskiya, ko ga matarsa kaɗai, a wanke sunansa. Ya ce a'a. Mashayi ana zaginsa, amma ana miƙa masa hannu a gaisa, ana barinsa ya ɗauki jikansa. Ta ce to ko ba wurinta ba, ya je wani asibitin, za ta haɗa shi da wani likita. Ya ce ya gama gaya wa likitoci damuwarsa. Bai ɗaga murya ba, har ya tambayi lafiyar 'yarta. Ta ajiye masa maganin a kan benci. Ba ta san ko ya sha ba.

Wata safiya aka same shi ba rai, kafin sauran ma'aikata su iso, ya kifa a kwatamin da ruwan wanki yake taruwa. Ruwan ko gwiwa bai kai ba.

A gidan rasuwa falon ya cika da mata, ana magana ƙasa-ƙasa. Likita ta ji wata a bayanta tana cewa wannan abin da ya saka kansa a ciki shi ya kai shi, Allah ya yafe masa. Ta sunkuyar da kai tana kallon kafet. Can sai matar Kawu, wadda Likita take kira Gwaggo, ta aiko aka kira ta ɗaki.

Ɗakin ƙarami ne, rigunansa suna rataye a ƙusa, takalminsa na aiki a ƙarƙashin gado. Gwaggo ta kama hannunta ta zaunar da ita. Ta ce ta tsufa tare da mutumin nan, amma yanzu har 'ya'yansa sun fara yarda da abin da ake faɗa, babban ma ya ƙi zama wurin karɓar gaisuwa. Ta ce ta san ya je asibiti wurinta.

"'Yata, ki gaya mini. Yana sha?"

Likita ta auna abin da ta sani a ofis da abin da ta sani tun tana yarinya. Na biyun nata ne, tana iya bayarwa.

"Gwaggo, tun ina ƙarama nake kusa da Kawu. Ban taɓa jin warin abin nan a jikinsa ba, ko sau ɗaya. Wannan zan faɗa a gaban kowa."

"To mene ne? Me ya sa aka karɓe masa mota?"

"Abin da ya gaya mini a asibiti nasa ne. Ya ce in riƙe."

Gwaggo ta dube ta. Ta saki hannunta a hankali, ba da fushi ba, ta ce ashe ya fi yarda da 'yar abokinsa a kan matarsa.

Da Likita ta fito ta nemi babban ɗan, ta same shi a waje jingine da katanga. Ta maimaita masa abin da ta gaya wa mahaifiyarsa, kalma da kalma. Ya tambaye ta ko a matsayin likita take faɗa. Ta ce a matsayin wadda ta san mahaifinsa. Ya gyaɗa kai, bai ce ya yarda ba, amma da ta juya za ta tafi ta ga ya shiga ya zauna cikin mazan.

Ta koma asibiti da rana, ɗakin jira a cike. Nas ta tambaye ta ko ta fara kiran marasa lafiya. Ta ce ta ɗan ba ta lokaci tukuna.